Barewar da Ba Ta Faɗi Ba

Bayan rasuwar mahaifinta, Sa'adiya ta tsinci tsohuwar bindigar toka a rufin ɗakinsa a unguwar Kpébié. Ba wanda ya san daga ina ta fito. Ga yara huɗu a gida, hankalinta ya ƙi kwanciya. Aka ce ta kai wa Baba Mounkaila, tsohon maƙeri a ƙauyen Onklou, shi ke gane asalin irin waɗannan.

Kunya ta hana ta zuwa da abu duk datti. Sai ta farke busasshiyar fatar da aka ɗinke a gindin bindigar, ta goge icen da man kaɗe. Zane ya fito: namun daji a jere, duk a kwance. Barewa ɗaya ce a tsaye.

Mota ta sauke ta a garin Djougou, daga can ta hau babur, rana na gab da faɗuwa. Hanya shiru. Sai warin albarushi. Sai taku a bayansu, ƙwas, ƙwas, ƙwas, sannan jan ƙafa.

"Kana ji?" ta raɗa wa mai babur.

"Madam, kar ki waiga."

Baba Mounkaila ya jujjuya bindigar a gaban wutar maƙera.

"Ƙarfen daga bakin teku ya zo. Sassaƙar kuwa ta maharbanmu ce. Duk wanda kika gani kwance, an kashe shi." Yatsansa ya tsaya cak. "'Yata, wa ya cire fatar?"

"Ni ce, Baba. Datti na gani."

"Wadda aka harba ta ƙi faɗuwa, a tsaye ake zana ta, a rufe mata ido da fata kar ta gane gida. Wannan ba dabba ba ce. In kika koma haka, har ɗakin yaranki za ta bi ki."

Takun ya tsaya a ƙofar bukka. Wutar ta yi ƙasa.

"Ke kika buɗe, ke za ki rufe." Ya miƙo mata basilla da guntun fata.

Ta fara ɗinki. Basilla ta soke ta. Ayatul Kursiyyu na sarƙe mata a harshe.

Numfashi mai ɗumi a ƙeyarta. Ƙarnin jini.

Wani abu ya ja gyalenta.

Ta ƙulle zaren.

Shiru.

Bindigar ta zauna a Onklou. Amma har yau Sa'adiya ba ta wucewa gida kai tsaye. Sai ta ratsa kasuwar Arzèkè, ta kutsa cikin cunkoso, sawunta ya ɓace cikin na jama'a. Yaran na yi mata dariya. Ita kaɗai ta san ɗinkin nan bai yi ƙwari ba.