Takalman Hajiya Sun Shiga Layi

Amarya ta jingina da bangon falo da tsintsiya a hannu, ta ma manta abin da ta ɗauko ta yi. Har yau Amarya mijinta Tela yake ce mata, alhali ɗansu ya shekara huɗu, gajiya kuma ta cinye amarcin tas. A bakin ƙofa yaron yana tsugune yana jera takalma: na babansa, nata, sai nasa a tsakiya. Da layin ya miƙe sai ya kaɗa hannuwa kamar zai tashi sama. Shi ya sa suke kiransa Tsuntsu.

Bai taɓa cewa "Mama" ba. A kira shi ba ya waiwayowa, ƙarar blandar markaɗe kuwa sai ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu.

Hajiya, mahaifiyar Tela, ta yi sallama ta tuɓe takalmanta. Tsuntsu ya ture su gefe, kamar kullum.

"Ka gani ko?" ta dubi ɗanta. "Ko kakarsa bai sani ba! Mu dai babu wannan a danginmu, a nono ya sha."

"Hajiya, likita ta ce otizim ne," in ji Amarya a hankali. "Haka aka halicce shi, ba laifin..."

"Da ke nake? Kai, ka sallame ta ta koma gidansu, ka ba ni yaron in gyara shi!"

Tela ya ce, "Hajiya, ki zauna da mu mako guda. In kin ga laifinta, zan yi yadda kika ce."

A kicin Amarya ta tare shi, hawaye shaɓe-shaɓe. "Haba Baban Tsuntsu! Aurenmu ka sa a caca? Wallahi na gaji, na gaji!"

"Amarya, yi haƙuri. Ni na san abin da za ta gani."

Hajiya kuwa ta gani. Ta ga Amarya tana yanke tambarin wuyan riga don kada ya sosa yaron. Ta ga tana nuna masa blanda, ta kai shi ɗaki, sannan ta kunna. Ta ga idan ya birkice ba ta tsawa, sai ta zauna gefensa shiru har ya lafa. Bakin Hajiya da ba ya hutawa ya fara yin nauyi.

Wata rana da azahar barci ya sace Amarya a kan tabarma, wanki jiƙe a gabanta. Sai ga ihun Tsuntsu: shuɗin kofinsa ya ɓace, shi kuma ba ya shan ruwa a wani. Hajiya ta ɗaga hannu za ta daka masa tsawa, sai ta dubi mai barcin, tausayi ya kama ta. Da ciwon gwiwarta ta rarrafa ta zaro kofin a ƙarƙashin kujera, ta ajiye masa, ta zauna gefensa ba ta ce uffan ba.

Ranar tafiya ta fito da jakarta, ta nemi takalma ta rasa. Ashe suna cikin layi, dab da na Tsuntsu. Ta janye su, ya mayar, ya kaɗa hannuwa.

Amarya ta ce, "Hajiya, ba ya saka takalmin baƙo a layi. Wanda duk ya saka takalminsa, ya zama nasa ne."

Hajiya ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka.

"To Hajiya, me kika yanke?" in ji Tela.

"Rufe min baki, ja'iri! Wa zai taɓa min 'yata? Samo min silifa in tafi da shi, waɗannan a bar masa."

Tsuntsu bai fara magana ba har yau, gajiyar ma ba ta ƙare ba, sai dai yanzu mutum uku ke ɗaukarta. Mahaƙurci mawadaci. Yaron da bakinsa bai buɗe ba yana da hanyar da yake faɗin ƙauna, kuma sai wanda ya sauke murya ya zauna kusa da shi yake ji.