Baƙin Gilashin Mahamud

Ranar da Ramlatu ta kai kamara gyara a unguwar Kara-Kara, Mahamud bai ko ɗago kai ba. Yana ta murza wani ɗan baƙin gilashi a kan faifai, yana ɗiga masa ruwan garin gogewa.

"Malam, haka kake karɓar baƙi?"

Ya ɗago. Hannunsa ya tsaya cak.

Aikinta duba panon sola ne, wato allunan kama hasken rana, da kamara mai ganin zafi, wadda ke nuna inda pano ya fara ƙonewa. Yashi ya kakkarce baƙin gilashin idon kamarar. Gyaran kwana uku ne, amma sai da ya ci mako biyar, kullum wai saura kaɗan.

Daga ƙarshe ya tura mata saƙo: "Ramlatuna, gilashinki ya daɗe da gyaruwa. Ganinki ne bai ishe ni ba."

Ta mayar: "Ai na sani, maƙaryacina. Turo manyanka."

To, akwai Abdul'aziz, ɗan duwan, wato kwastan, da ya daɗe yana sonta. Ya riga su zuwa wurin mahaifinta, Malam Dodo maƙerin azurfa, ya ce, "Yaron fa mai goge gilashi ne." Bai yi ƙarya ba. Tsoho kuwa ya ɗauka irin masu goge gilashin mota ne a tasha, ya ce ba zai bayar ba.

Mahamud ya je da kansa, ya durƙusa a gaban tsoho da mutanen zaure, ya miƙa gilashin cikin farin ƙyalle. Tsoho ya kanga a ido.

"Baƙi ƙirin! Ba na ganin komai. Wannan ne aikin?"

"Baba, ba don idon mutum aka yi shi ba, zafi ne ke ratsa shi. Karce ɗaya ya isa ya ɓata hoton."

Malam Dodo ya fita rana yana jujjuya shi. Shekara arba'in yana goge azurfa, ya san ba a rasa karce. Ya nema, ya sake nema. Babu. Sai ya kai yatsa zai shafa.

"Baba, kar ku taɓa!"

Ramlatu a bayan ƙofa ta dafe ƙirji.

Tsoho ya fashe da dariya. "Kun ji ja'iri, har surukinsa yake yi wa tsawa a kan aiki!"

Surukinsa fa ya ce, kowa ya ji.

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure. Malam Dodo da kansa ya ƙera zoben amarya, ya kuma ba ango ya goge. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.