Faya-fayan da Marino Ya Bari

Ƙarfe goma na safiyar Laraba Suwaiba Barau ta shigo caji ofis a Talata Mafara, ta ce an yi wa mahaifinta sata. Da aka tambaye ta abin da aka ɗauka ta ce faya-fayan garmaho ne, sai aka miƙa ta ga Insifekta Sufyanu Wakili, wanda fayil uku na satar shanu ke jira a kan teburinsa. Ya dube ta, ya dubi fayilolin, ya ɗauki hularsa.

Mahaifin, Injiniya Barau, ya ba saba'in baya. Ya yi aiki da Turawan da suka gina madatsar ruwa, a wurinsu ya koyi son kiɗan jaz da kiɗan Turai na dauri, irin na goge da piyano. Shekara uku ke nan da ciwon ido ya makantar da shi. Ɗakinsa kantoci ne har rufi, cike da faya-fayai da akwatunan sidi na tsofaffin kaɗe-kaɗe da aka sake bugawa, waɗanda ɗansa ke aiko masa daga Abuja.

Bayan doguwar gaisuwa, tsohon ya miƙo wata jakar faifai.

"Zaro ka gani, Insifekta."

Sufyanu ya zaro. Kwali ne aka yanka zagaye, daidai girman faifai, aka manna biyu don ya yi nauyi.

"Yaushe ka lura, Baba?"

"Jiya. Abokina Ishaq shi ka sa min faifai duk Talata in ya zo kasuwa daga Bakura. Jiya bai zo ba, nic ce bari in lalaba da kaina. Allura ta hau kwali."

"Wa ke shiga ɗakin nan?"

"Ni, da ɗiyata, da Ishaq. Amma kak ka ɓata lokacinka kan Ishaq. Shekara arba'in da biyar muna tare."

Sufyanu ya kai kwalin hancinsa. Warin maganin feshin gona ne.

Shi da Suwaiba suka zauna suna zaro faya-fayan ɗaya bayan ɗaya har azahar. Cikin ɗari huɗu da 'yan kai, hamsin da takwas sun koma kwali. Akwatunan sidi masu tsada ba a taɓa ko ɗaya ba. Sufyanu ya jera jakunkunan da aka kwashe a kan darduma, sai ya ga kowace tana da harafin M da jan biro a kusurwa.

"Baba, mene ne M?"

"Marino. Wani Bature ɗan Italiya da munka yi aiki tare. Da za shi gida yab bar min su."

"Kyauta?"

"Kyauta," in ji shi, ya juya fuska wajen bango.

A zaure Sufyanu ya tsayar da Suwaiba.

"Wa kike zargi?"

"Akwai wani ɗan gwangwan da ya shigo sayen tsohon ƙarfe watan jiya, yallaɓai. Wataƙila shi ne."

"Ɗan gwangwan ya zauna ya yanka kwali hamsin da takwas, ya zaɓi masu jan harafi kawai, ya mayar da kowace jaka gurbinta? Suwaiba, ke kika kawo ƙara. Kada ki sa in rubuta ki cikin fayil."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Sau biyu na ga Baba Ishaq ya fito hannunsa ɗaya cikin riga, kamar mai ciwon haƙarƙari. Ban yi magana ba. Shi ya yi min huɗuba ranar da aka haife ni. Mahaifina ne ya tilasta min zuwa wurinku."

Washegari da hantsi Sufyanu ya ɗauki Kofur Yasir suka nufi Bakura. Malam Ishaq yana da ɗan shago a bakin kasuwa, yana sayar da irin shinkafa da maganin feshi. Siririn tsoho ne mai farin gemu. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya tambayi gida da aiki da gajiyar hanya.

"Me ya hana ka zuwa Mafara ranar Talata, Malam?"

"Masassara."

"Ka ji an sace wa abokinka faya-fayai?"

"Na ji. Allah shi mayar mai da alheri. Ni wanga kiɗi ban san kainai ba, zumunci ka kai ni. Duk ɗaya nika jin su."

"Ka san wani Bature da ake kira Marino?"

Idon tsohon ya ɗan motsa. "Direbanai ni."

Kofur Yasir, wanda ya zagaya bayan shago, ya dawo riƙe da wani kwalin maganin feshi da ya ƙwato daga bakin akuya. A tsakiyarsa akwai rami zagaye, yankan reza. Sufyanu ya ciro kwalin da ya taho da shi daga gidan Barau, ya ɗora. Ya zauna daram, har rubutun jikin ya haɗu.

Malam Ishaq ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa.

"Ku taho in gwada muku."

Ya kai su gidansa, zuwa wani ɗan sito na kwano a ƙarshen tsakar gida, inda yake ajiye buhunan taki. Da ya buɗe ƙofa zafi ya daki fuskar Sufyanu. Faya-fayan na cikin wata tukunyar ƙarfe, ba jaka, an jibga su kan juna. Sufyanu ya ɗago na sama. Ya lanƙwashe kamar busasshen ganye. Na ƙasa sun manne da juna, ba su rabuwa.

"Ran Litinin nib buɗe nig gan su haka," in ji Ishaq. "Ita ta masassarar."

"Me ya sa, Malam? Ba sayarwa ka yi ba, ko garmaho ban gani a gidanka ba."

Tsohon ya sa hannu a aljihu, ya ciro wata takarda da ta yi ja don tsufa. Turanci ne, da jan biro iri ɗaya da na jakunkunan. Sufyanu ya karanta. Marino ne ke cewa duk faya-fayansa da garmaho ya bar wa direbansa Ishaq, wanda ya fi duk injiniyoyin kunnen kiɗa, kuma ya damƙa wa Barau amanar kai masa.

"Shekara huɗu ina tuƙa shi," in ji Ishaq. "In mun taso aiki sai shi zaunar da ni, shi sa faifai, shi ce in faɗi kayan kiɗi nawa nij ji. Ban taɓa kuskure ba. Satin da za shi tafi ina garinmu Kaya, mahaifina na jinyar ajali. Da nid dawo, Barau yac ce Bature ya bar min gaisuwa. Gaisuwa! Shekara arba'in da ɗoriya ina cire takalmi ƙofar ɗakinai, ina godiya in ya sa min faifai guda."

"Ina ka samu takardar?"

"Bara, a ɗakin Barau, cikin wani akwati mai faifai tara. Ya manta da ita, ido kuma ya tafi. Nik kai wa wani malamin makaranta yak karanta min."

"Me ya hana ka tambaye shi?"

"Na tambaye shi. Nic ce, Barau, mun tsufa, ashe Marino bai bar min komi ba? Yar rantse da Allah babu. Takardar na aljihuna lokacin." Ya dubi tukunyar. "Ni nid ɗauka, Insifekta. Bibbiyu, duk Talata. Kayana nid ɗauka, kuma ni nil lalata su da hannuna. Shi da yac ci amana ya san yadda aka adana su. Ni da aka bar wa ban sani ba."

Sufyanu ya fita tsakar gida, ya kira Suwaiba, ya ce ta ba mahaifinta waya. Ya gaya masa an gano kayan, ya karanta masa takardar tun daga farko har sa hannu. Yana fata tsohon zai ce a bar maganar, su sasanta a gida.



"Nawa ka iya kiɗawa cikinsu?" in ji Barau.

"Ko ɗaya, Baba."

"To ban san wata takarda ba. Makaho ni, ba ni ganin rubutu. A kai shi kotu."

Wayar ta katse. Sufyanu ya tsaya riƙe da ita. Ƙara na nan a rubuce, mai laifi ya amsa da bakinsa, ba shi da ikon yage ta. Ya sa takardar Marino cikin leda, ya rubuta mata lambar shaida, ya ƙudura cewa ita zai fara ajiyewa gaban alƙali.

Kofur Yasir ya ciro ankwa. Sufyanu ya girgiza masa kai.

"Mi yac ce?" in ji Ishaq.

"Ya ce a kai ka kotu, Malam."

Tsohon ya gyaɗa kai, kamar abin da yake jira ke nan. Ya kulle siton, ya miƙa wa matarsa mabuɗin shago, ya ce wani mai gona daga Birnin Tudu zai zo karɓar iri da la'asar, ta ba shi buhun da ke bayan ƙofa. Kofur ya ɗauki tukunyar, Ishaq ya bi bayanta har mota, maƙwabta na tsaye a ƙofofinsu suna kallo.