Jan Farce a Ƙeyar Kaza

An daɗe da yin wannan abu. Lokacin Auta tana aji uku, Kaka kuma tana da rai.

A bayan ɗakin girkinsu akwai wani ɗan akurki. Baba ne ya haɗa shi da guntayen katako da waya. Kaji bakwai ne a ciki. Kullum da safe Kaka takan zauna a kan tsohuwar kujerarta, kwanon tsaba a cinyarta. Tana watsa musu tana yi musu hira, kamar jikokinta.

Biyu daga cikin kajin farare ne tas. Kaka ta ba Auta ɗaya, ta ba yayanta ɗaya. Sai dai kajin sun yi kama sosai. Duk ranar da aka ga ƙwai, sai an yi gardama.

“Tawa ce ta yi!” in ji Auta.

“Taki? Taki ban da ci me ta iya?” in ji Yaya.

Kaka sai ta yi dariya har da hawaye, ta ce, “To ku je ku tambayi ƙwan mana.”

Wata rana da safe Auta ta ga kwalbar jan farcen Mama a bakin madubi. Dabara ta faɗo mata. Ta ɗauka a ɓoye, ta kama kazarta, ta shafa mata ja a ƙeya. Ya yi kyau, sai ƙyalli yake yi.

“Yau gardama ta ƙare,” ta ce a ranta. Ta ɗauki jakarta ta tafi makaranta.

Da aka tashi, ta dawo da gudu. Tun daga ƙofa ta ji kukan kaji. Ta leƙa akurki.

Kazarta tana lafe a lungu. An fige mata gashin ƙeya, jini yana zuba. Sauran kajin sun kewaye ta suna caccaka. Farar kazar Yaya ce a gaba, bakinta duk jini.

Auta ta ƙwala ihu. Kowa ya fito.

Baba ya sa hannu ya ciro kazar. Jikinta sai rawa yake yi, idonta a rufe.

“Me ya jawo haka?” Baba ya tambaya.

Auta ta san ta shafa wani abu. Amma tana tsoron faɗan Mama. Sai ta nuna da yatsa ta ce, “Kazar Yaya ce. Muguwa ce. Haka kawai ta far mata.”

Baba ya girgiza kai. “Kazar da ta fara cin ’yar’uwarta ba ta dainawa. Gara a yanka ta kafin ta ƙarar da sauran.”

“Baba, don Allah!” in ji Yaya. Tun kazar tana ’yar tsako yake ba ta ruwa a murfin kwalba.

Kaka ta karɓi kazar Auta ta ɗora a cinyarta. Ta wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri. Can sai farcenta ya kankaro wani abu ja, busasshe, mai ƙyalli. Ta dube shi. Ta dubi Auta. Sai ta ci gaba da wanke ciwon.

Auta ta ji Baba yana wasa wuƙa a bakin dutse. Ta ga Yaya ya rungume kazarsa ya juya baya, don kada a ga hawayensa.

“Baba, tsaya!” ta ce, ta fashe da kuka. “Ni ce. Jan farcen Mama na shafa mata, don in riƙa gane tawa.”

Mama ta riƙe baki. “Jan farcena? A kan kaza?”

“Zo nan, ’yar gidana,” in ji Kaka. Auta ta durƙusa kusa da ita.

“Kaza ba ta san kwalliya ba. In ta ga ja a jikin ’yar’uwarta, sai ta kai baki ta ji mene ne. Wannan ta sara, waccan ta sara, har jini ya fito. In suka ga jini kuma, shi ke nan. Ba mugunta ba ce, halinsu ne.” Ta juya wajen Baba. “Kai kuma ajiye wuƙar nan. Ɗakinsu ma ya yi musu kaɗan. Matsi da zaman banza suna sa su faɗa.”

Baba ya ajiye wuƙa yana sosa kai. Auta ta je gaban Yaya.

“Yaya, ka yi haƙuri. Na yi wa kazarka ƙarya.”

Ya share fuska da bayan hannu. “Ya wuce. Amma ke za ki share akurki har sati guda.”

Aka shafa wa kazar shuɗin magani, aka sa ta ita kaɗai a kwando. Washegari Baba ya ƙara faɗin akurkin. Yaya ya rataya musu damin ganye, suka yi ta tsalle suna tsinka, suka manta da faɗa.

Auta ce ta yi jinyar kazarta. Kafin ta tafi makaranta ta ba ta dusa, in ta dawo ta sake mata ruwa. Bayan sati uku ciwon ya warke, sabon gashi ya tsiro. Da aka mayar da ita akurki, ba wadda ta taɓa ta.

Ranar Kaka ta jawo Auta jikinta, ta ce, “To, me kika koya?”

Auta ta ce, “In zan yi abin da ban sani ba, in tambayi manya tukuna. In na yi kuskure kuma, in faɗi gaskiya da wuri, kada a hukunta wanda bai yi laifi ba.”

“Madalla,” in ji Kaka. “Maza miƙo mini kwanon tsabar can. Mutanena suna jira.”