Akori-kurar Alhaji Badaru

Da hantsin Asabar Mansur ya shigo ofishin 'yan sanda na Daura ya ce an sace motar mahaifinsa, marigayi Alhaji Badaru. Akori-kura ce Fijo 404, irin wadda aka harhaɗa a Kaduna tun kafin a haifi Mansur: giya a jikin sitiyari, kujera ɗaya doguwa, tamfol a baya. Ita ta yi wa Alhaji jigilar gyaɗa daga Zango har ya gina gida. Yanzu magada sun sayar wa mai gwangwan zai yanka ta, a raba wa marayu kuɗin.

Sufeto Maharazu ya je ƙofar gidan. Babu alamar an ja motar. Tuƙa ta aka yi. Dutsen da ake tare tayarta da shi yana jingine da bango. Ƙwan da kaza ta saka a kan kujera an kwashe shi a ƙoƙo, an ajiye a inuwa.

"Ɓarawo mai tausayin kaza," in ji Sufeto.

Mai gwangwan ya rantse bai taɓa zuwa unguwar ba, sai da aka matsa ya ce ya zo ranar Juma'a da masu yanka, ya tarar da fili. Mansur kuwa ya ce babu wanda ya iya tashin motar, amma mahaifiyarsa, Hajiya Kubura, ta faɗa daga bayan labule cewa akwai Lawal, tsohon direban Alhaji.

Lawal ya ce ido ya hana shi tuƙi, jiya ma yana kwance. Sai dai mai sayar da fetur a galan a hanyar Zango ya tuna dattijon da ya tsaya da akori-kura bayan sallar Juma'a, yana tambayar lafiyar mutanen da suka daɗe a kabari kamar zai gan su a kasuwa.

A tsohuwar tashar gyaɗa ta Zango suka sami motar, an wanke ta tas. Sufeto ya kawo Lawal gabanta.

"Baba, kai ka kawo ta nan?"

Dattijon ya dafa ƙofar. "Ni ne, ranka ya daɗe. A nan muke lodi. Ban so a yanka ta a ƙofar gidan da ta gina ba."

"Dukiyar marayu ce. Kewa ba ta halatta ta."

"Na sani."

Gaskiya Sufeto ya faɗa. Abin wani na wani ne ko da kai ka fi son sa. Ya ce su tafi ofis. Lawal ya roƙi a bar shi ya kai motar da kansa.

Sufeto ya zauna a gefensa. Lawal ya sa giya ta biyu ya hau titin Daura a hankali, masu babur suna wuce su. Sufeto bai ce ya ƙara wuta ba.