Kunnen Akawal

A birnin Guangzhou akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata. Yarinya ce mai kirki, sai dai Allah ya zuba mata gaggawa. Ko shayi ba ta bari ya huce. Kullum sai ta ƙona harshe, kullum kuma sai ta ce laifin kofin ne.

Babanta, Alhaji Mas'udu, ɗan Kano ne. Wandunan jins yake sarowa a garin Xintang yana aikawa gida. Mai masana'antar da ke yi masa ɗinki kowa Lawban yake ce masa, wato maigida. A bayan masana'antar akwai 'yar gona. A nan mahaifin Lawban yake zaune, wani tsoho mai dogara sanda. Auta tana ce masa Yeye, wato Kaka.

Yeye yana da wani baƙin doki, tsoho, mai sanyin hali. Tun rasuwar matarsa, da dokin nan yake hira. Baba ya ce a gida irin wannan doki akawal ake ce masa, sunan kuwa ya bi shi. Duk ranar da Auta ta bi Baba Xintang, sai ta kai wa Akawal karas. Yana hango ta zai taho bakin shinge.

Shekarar da aka yi gasar Olamfik, hutun makaranta ya zo daidai da wasannin. Auta ta ga dawaki a talabijin, ta ƙwallafa rai sai ta iya horar da doki. Ranar da ta raka Mama kasuwar Shahe, ta ga wani faifan bidiyo mai hoton Bature da faffaɗar malafa a kan doki. Ta yi ta naci har Mama ta saya mata.

A cikin faifan, Baturen yana shiga wani shinge mai zagaye. Sai ya kaɗa igiya, doki ya yi ta zagaye a guje. Can sai ya juya masa baya, dokin kuwa ya biyo shi kamar ɗan akuya. Daga nan ya hau, ya riƙe linzami da hannu ɗaya, sako-sako.

Amma tsakanin gudun da biyowar akwai wani dogon wuri. Baturen tsayawa kawai yake yi, yana magana a hankali, da Turancin nan na cikin hanci. Auta ba ta taɓa kallon wurin ba. Da an zo nan sai ta danna rimot ta wuce.

"Auta, ke ba kya barin mutumin nan ya gama magana?" in ji Mama.

"Mama, tsayuwa fa kawai yake yi. Ba abin da ke faruwa."

"To, Allah ya kyauta."

Wata Asabar Baba ya tafi da ita Xintang. An yi ruwa da safe, ƙasa duk santsi. Baba ya shiga duba kaya da Lawban. Yeye ya ci abincin rana, barci ya ɗauke shi a kan kujera. Auta ta ɗauki igiyar ɗaure dilolin kaya, ta lallaɓa ta shiga shingen. Shingen ba zagaye ba ne. A wata kusurwa ma an jingina tsofaffin kwanukan rufi.

Akawal ya taho yana neman karas. Auta ta kaɗa masa igiya a fuska.

Ya zabura, ya fara zagaye. Auta ta ji daɗi, ta ƙara kaɗawa. Da ya yi zagaye kaɗan sai ya juyo mata da kunne ɗaya. Ya sunkuyar da kai, yana lasar leɓe.

"Lalaci ne!" in ji Auta. "Yi gudu!"

Sau uku yana yin haka, sau uku tana kora shi. A na ƙarshe igiyar ta same shi a cinya. Ya firgita ya yi kusurwa, santsi ya kwashe shi, ya faɗa kan kwanukan nan. Da ya miƙe, jini na zuba daga ƙafarsa ta baya.

Auta ta jefar da igiyar bayan bishiya, ta fita a guje.

Ƙarar kwano ta tayar da Yeye. Ya taho da sandarsa yana kiran dokin. Akawal ya maƙale a kusurwa yana makyarkyata, ya ƙi yarda ko Yeye ya matso. Kowa ya ce karnukan unguwa ne suka biyo shi. Auta ta yi shiru.

Da suka koma gida ba ta ci abinci ba. Washegari ma haka. Mama ta taɓa goshinta, ba zazzaɓi.

Ranar Talata Baba ya dawo rai a ɓace.

"Dokin tsohon nan ba ya jin daɗi," ya ce wa Mama. "Ciwon ya fara ruwa, ƙudaje sun samu wuri. Likitan dabbobi ya zo, dokin ya kai masa harbi da ƙafa. Lawban ya ce shi ya gaji. In ba a samu an sa masa magani ba, ranar Asabar mota za ta zo. Masu yanka zai sayar wa."

Cokali ya faɗi daga hannun Auta. Ta fashe da kuka.

"Baba, ba karnuka ba ne. Ni ce."

Ta faɗi komai, har inda ta ɓoye igiyar. Baba ya daɗe yana kallonta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Kin cuci dabbar da ba ta yi miki komai ba, kuma kin bari an ɗora wa karnuka. Gobe da bakinki za ki faɗa wa mai shi."

Auta ta shiga ɗaki ta ciro faifan. Tana shirin karya shi sai ga sallamar Kawu Tankari. Maƙwabcinsu ne, ɗan kasuwa daga Maraɗi. A gidan masu dawaki ya tashi. Baba ya ba shi labari.

"Dakata, ɗiyata," ya ce. "Mi faifai ya yi miki? Sa mu gani."

Ta sa. Da aka zo wurin tsayuwar nan, hannunta ya kai ga rimot da kansa. Kawu Tankari ya karɓe rimot ɗin, ya sa ƙarƙashin cinyarsa, ya zauna a kai.

"Ni ban jin Turancin wannan mutum," ya ce. "Amma dokin ina jin shi. Dubi kunne nai."

Auta ta duba. Dokin cikin faifan ya juyo da kunne ɗaya wajen Baturen. Ya sunkuyar da kai, ya lashi leɓe. Nan take Baturen ya sauke igiya, ya ja da baya, ya tsaya cik.

"Kin gani? Dokin cewa ya yi, na ji, a yi sulhu. Shi ko mutumin ya ba shi amsa, ya ƙyale shi ya huta. Horon duka a nan yake. Gudun nan ba komi ba ne."

Auta ta juyo ta dubi Kawu Tankari.

"Kawu," ta ce da ƙyar, "Akawal ya yi mini haka. Sau uku."

Auta ta kifa kai a gwiwa. Wannan kukan ya fi na ɗazu ciwo. Ashe roƙonta dokin yake yi, ita kuwa tana kaɗa masa igiya.

Ranar Laraba suka tafi su uku. Auta ta tsaya gaban Yeye, ta faɗa masa gaskiya da ɗan Sinancin da ta koya a makaranta. Ta ba shi haƙuri. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya dubi dokinsa, idanunsa suka ciko.

"Meyo," ya ce a hankali. Wato babu, ba sauran abin yi.

Da dukanta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Kawu Tankari ya nemi izini, aka kwashe kwanukan. Ya ce Auta ce za ta shiga, tunda ita dokin ya fi tsoro. Shi kuma ya tsaya kusa da ita a bakin ƙofa.

"Kada ki dube shi cikin ido. Ba shi kafaɗa. Ki tsaya kurum."

"Har yaushe, Kawu?"

"Har ya ce miki wani abu."

Ta tsaya. Rana ta dake ta, sauro ya cije ta. Akawal ya juya mata baya, yana ɗage ƙafar mai ciwo. Har la'asar bai ce komai ba.

Ranar Alhamis ya juyo da kunne ɗaya. Murna ta kama Auta, ta yi taku biyu da sauri. Dokin ya zabura ya bugi shinge, ciwon ya sake ɓallewa da jini.

"Na sake ɓatawa," ta ce a mota. "Baba, ni ba zan iya ba. Yanka shi za a yi saboda ni."

Baba bai ce mata "ba komai" ba, don ya san abin ba ƙarami ba ne. Ya dai ce, "Gobe ma za mu zo, in sha Allahu."

Ranar Juma'a bayan masallaci suka koma. Aka yi ta ruwa. Ta tsaya har mayafinta ya jiƙe sharkaf. Akawal ko ciyawa bai taɓa ba. Haƙarƙarinsa duk sun fito. Yeye ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, don ba ya son gani.

Asabar da hantsi motar ta iso. Direba ya sauke ƙyauren baya, ya kunna sigari. Lawban ya dubi agogo. Baba ya roƙe shi minti talatin, ya ɗaga kafaɗa ya yarda.

Auta ta shiga. Zuciyarta tana ta ce mata yi sauri, lokaci na tafiya. Ta ƙi. Ta ba dokin kafaɗa, ta dubi ƙasa.

Minti goma suka wuce. Ashirin suka wuce. Direba ya taka guntun sigarinsa.

Sai kunnen ya juyo.

Auta ta ja da baya taku ɗaya. Akawal ya sunkuyar da kai, ya lashi leɓe. Ta sake ja da baya, ta juya masa baya gaba ɗaya. Hawaye na zuba, amma ba ta motsa ba.

Ta ji takun ƙafa mai ɗingishi. Ɗaya, biyu, sai shiru. Can sai ta ji hucin numfashi mai ɗumi a wuyanta.

"Shafa shi a hankali," in ji Kawu Tankari ƙasa-ƙasa.

Ta shafa wuyansa, ta sa masa ragama. Yeye ya taho da kwalbar magani, ya ma manta da sandarsa. Ya durƙusa ya wanke ciwon. Akawal ya yi makyarkyata, ya cusa hancinsa a mayafin Auta, amma bai yi harbi ba.

Lawban ya dubi mahaifinsa durƙushe cikin taɓo yana wa doki magana. Ya je ya sallami direba, motar ta tafi ba kowa a ciki.

Ciwon ya warke bayan wata guda, sai dai tabon bai ɓace ba. Akawal bai ƙara gudu ba, Auta kuwa ba ta taɓa hawansa ba. Amma duk inda ta bi a gonar, yana biye da ita, yana ɗingishi, ba igiya.

Wata rana Baba ya tambaye ta abin da ta koya.

"In zan koyi abu, in koye shi duka, har wurin da ba daɗi," ta ce. "In na yi laifi kuma, in faɗa da wuri. Da na faɗa tun ranar da abin ya faru, da bai sha wahala haka ba."

Baba ya shafa kanta. Mama ta miƙo mata shayi. Auta ta ajiye kofin a gabanta, ta jira ya huce.