Wayar Sikeli Mai Mita Arba'in

Sau nawa ka wuce shi a bakin titi, yana tsugune kan tarin wayar intanet da ofisoshi suka zubar, ka kau da kai? Ita kam ba ta kau da kai ba.

Ita ke kula da kwamfutar ma'ajiyar mahaifinta. Sikeli yana bakin ƙofa, kwamfuta tana ofis, tsakaninsu mita arba'in, wayar siriyal da ke haɗa su kuwa, ta kanti mita biyu ce kacal.

"Za ka iya haɗa min doguwa?" ta tambaye shi.

"In za ki riƙe min kan, me zai hana?"

Ya fere wayar, siraran wayoyi takwas suka fito, an murɗe su bibbiyu. Tana riƙe, yana liƙa dalma, suna satar kallon juna. Tun ranar take kiransa Mai Dalma, shi kuma yana kiranta Shuɗiya, saboda launin mayafinta.

Da zancen aure ya kai kunnen Baba, sai ya murtuke.

"Mai tsince-tsince zan ba 'yata?"

Ya sa aka cire wayar, ya kira ɗan amininsa mai takardar injiniya, wanda da ma shi Baba yake so ta aura, ya haɗa sabuwa. Kwana uku allon kwamfuta na zubo shirme, motocin kaya sun yi layi suna jiran awo.

Ta tura saƙo: "Mai Dalma, allon sai rubutun aljanu yake yi. Baba ko abinci ba ya ci."

"Shuɗiyata, kwantar da hankalinki. Buɗe kan wayar. In siririyar waya mai aika saƙo da mai karɓa suna murɗi ɗaya, to shiga maganar juna suke. Raba su, kowacce abokiyar murɗinta ta zama wayar ƙasa, mai tare mata hayaniya. Kin ga yadda na yi, hannunki ya fi nawa natsuwa."

A gaban Baba ta liƙa. Aka ɗora buhu, allon ya nuna kilo hamsin cif.

"Wa ya koya miki?"

"Mai tsince-tsince, Baba."

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya yi murmushi.

"Ja'ira. Ce masa ina son ganin iyayensa."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya dafa kansu ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya bar ku tare."

Kai fa? A bakin titinku akwai irinsa, kana raina shi don hannunsa ya yi baƙi. Gobe ka tsaya, ka gaishe shi, ka ba shi aiki.